Fari a Cinyar Ɗan Fari

Ni mai zargi ce, ban kuma taɓa ɓoyewa ba. Idan maƙwabciya ta yaba zanen da na ɗaura, sai na waiga na duba ko ya yage ta baya. Idan mai keke ya cika fara'a, jakata nake rungumewa. Maigidana yakan ce da aikin ɗan sanda na nema maimakon koyarwa, da tuni ɓarayin Bauchi sun yi ƙaura. Amma duk zargin nan nawa akwai mutum ɗaya da bai taɓa shafa ba, wato mahaifiyata, wadda muke kira Dada.

'Ya'yana maza biyu ne. A shekarar da nake ba da labarinta babban ya shiga aji ɗaya, ƙaramin kuma bakinsa ya buɗe, yana damun kowa da surutu. A shekarar na san cewa ƙafafun babban ba za su daɗe suna ɗaukarsa ba, na kuma zauna da zuciya a hannu ina jiran a faɗa min ko na ƙaramin ma haka ne.

Mu Fulani ne, ko da yake shanun sun ƙare tun kafin a haife ni, abin da ya rage mana sai kunya da dogon hanci. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Ana yaye babban, Dada ta goya shi ta tafi da shi gidanta a Yelwa, ni ina Gwallameji. Ya tashi yana ce min Adda, kamar yayarsa ce ni. Ina sonsa har cikin ƙashina, amma in zan kira shi sai in ce "kai" ko "yaron nan".

Sunan da aka raɗa masa kuwa na yayana ne, ɗan farin Dada, wanda ya rasu a ruga kafin su dawo gari. Mahaifina ne ya roƙi maigidana alfarmar sunan tun yana raye. Saboda haka ita ma Dada bakinta ba ya iya faɗarsa, "angona" take ce wa jikan nata. Yaro ya girma tsakanin mata biyu, babu wadda take kiran sunansa. Abin da na sani game da yayan nan nawa bai cika cokali ba. An ce ya yi ciwo ya rasu, an ce sauran da aka haifa tsakanina da shi ba su zo da kwana ba, ni kaɗai na rayu. Ban taɓa neman ƙarin bayani ba. Wa zai tsare uwa da tambaya a kan ɗan farinta?

A makarantar da nake koyarwa aka sa shi, a nan na samu damar kallonsa son raina, ta taga, ba tare da kowa ya ce na yi rashin ta-ido ba. Da safe yara kan zauna a tabarma, malami ya tafa hannu su miƙe zumbur. Shi ne kullum na ƙarshe. Sai ya juya ya kifa, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya turo baya sama, sannan ya kama gwiwa, ya kama cinya, yana hawa jikinsa kamar mai hawa tsani. In ya miƙe sai ya yi murmushi ya bi sahu, yana tafiya a kan yatsu, ciki a gaba. Maigidana ya ce sangarta ce irin ta goyon kaka. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Na je Yelwa na yi wa Dada maganar a kaikaice, yadda ya kamata. Na ce yaron nan kamar yana da nauyin jiki.

"Ƙiba ce," in ji ta. "Ba ki ga sharaɓarsa ba? Angona ya fi mijinki ƙafa."

Gaskiya ne, sharaɓarsa cike take, tauri kamar ta ɗan ƙwallo, kowa yabawa yake. Na yi dariya, ita ma ta yi, amma idonta na kan ƙwaryar da take wankewa. Da na tashi tafiya sai na lura da abin da na daɗe ina takawa ban gani ba. Dokin ƙofar ɗakinta, wanda tun ina yarinya muke tuntuɓe da shi, an cike gabansa da ƙasa an daɓe, ya zama gangare. A banɗaki an kafa wani itace a bango daidai tsayin hannun yaro. Kuma na tuna ban taɓa ganin ta zaunar da shi a tabarma ba, kullum a kan 'yar kujera. In za ta ɗaga shi ba ta kama hammatarsa kamar yadda kowa ke ɗaga yaro, rungumo ƙirjinsa take ta baya. Na tsaya ina kallon gangaren nan har mai keken da ke jirana ya gaji ya danna ham. Wa ya koya mata duk wannan?

Na kai shi babban asibiti. Likitar yara, wata mace mai gilashi da sanyin murya, ta sa shi ya zauna a ƙasa ya tashi, ta sa shi ya taka matakala, ta matsa sharaɓar nan da kowa ke yabo. Ita ba ta yaba ba. Ta ce za a ɗebi jini, kuma za ta yi masa sikanin. Da na faɗa wa Dada sai ta riƙe haɓa.

"Sikanin? Ciki gare shi?"

"Na tsoka ne, Dada. Cinyarsa za a duba."

"Ku dai 'yan boko ba ku rabo da tone-tone. Yaro yana ci yana sha."

Ba ta hana ba, amma ranar da za mu je ta ce kanta ke ciwo, ba ta raka mu ba. Dada da ba ta yarda angonta ya je ko aski ba tare da ita ba.

Muka zauna a benci cikin masu ciki, suna kallonmu suna kallon cikina, sun rasa wane ne mai awon. Da aka kira mu, likitar ta kwantar da shi a gado, ta matsa masa wani mai a cinya, mai sanyi da yauƙi, ya kwashe da dariya yana janye ƙafa.

"Maman yaro, riƙe min ƙafarsa," in ji ta.

Na duba hagu da dama, babu wata maman yaro sai ni. Na kama. Rabon da in riƙe ƙafarsa haka tun yana shan nono. Ɗumi gare ta, kuma ta fi yadda nake zato nauyi.

Ta ɗora kan na'urar tana gogawa a hankali, idonta na kan allo. Wanda ke taimaka mata ya matso, suka yi magana ƙasa-ƙasa da Turanci. Ina jin Turanci, da shi nake cin abinci, amma nasu na asibiti ko kalma biyu ban tsinta ba, wannan kuwa ya ƙara min zargi. Na ce, "Likita, ni ma a yi da ni." Ta dube ni ta saman gilashi, ta ce in miƙo hannuna. Ta shafa min man a damtse ta ɗora na'urar. Ta ce in duba: tsoka mai lafiya baƙa take fitowa, da ɗigo-ɗigon fari, ga kuma ƙashi can ƙasa, farin layi tas. Sannan ta mayar kan cinyarsa. Allon ya yi fari fat, kamar an zuba nono a faranti, ƙashin ma da ƙyar ake gane inda yake. Ta ce farin nan alama ce cewa kitse da wani abu mai kama da tabo suna maye gurbin tsokar.

Yaron ya ɗaga kai ya leƙa. "Adda, nawa fari ne! Naki baƙi!"

"Kwanta, kai," na ce.

Likitar ta goge masa man, ta ba shi alewa, ta ce ya je bakin ƙofa ya ƙirga mata masu wucewa. Sannan ta tambaye ni ko ina da 'yan'uwa maza, waɗanda muke ciki ɗaya. Na ce akwai ɗaya, ya rasu kafin a haife ni. Ta ce me ya same shi? Na ce ban sani ba. Yana tafiya da ƙafarsa har ya rasu? Ban sani ba. Yana da shekara nawa? Na ce, "Likita, ɗan fari ne, ba a tambaya." Ta gyara zaman gilashinta.

"Kin ce yana da ƙane. Ki kawo min shi mu duba."

"Lafiyarsa ƙalau. Har taga yake hawa."

"Don mu kwatanta ne."

"Ai kin kwatanta da hannuna."

Ta gane ba zan tashi ba. Ta ce ba ta son yanke magana kafin sakamakon jini ya fito, amma abin da ta gani ya yi kama da wani ciwon tsoka da yake kama yara maza, yana cin ƙarfinsu sannu a hankali har tafiya ta gagara. Akwai magani da motsa jiki da za su rage masa gudu, amma babu mai tsayar da shi. Ta ce galibi ta wajen uwa yake bi, uwar tana lafiya lau, kuma kowane ɗa namiji da ta haifa yana iya ɗauka, yana iya tsallakewa. Na gode mata. Har ga Allah na gode, domin ita ce ta farko da ta faɗa min magana a miƙe.

A cikin keke na kira maigidana yana ofis. Ya ce yaya aka yi? Na ce hoton ya yi fari. Ya ce, "Alhamdulillahi! Ban gaya miki ba?" Na kashe wayar, don yaron na kusa da ni yana tsotsar alewa, ba zan iya gyara masa fahimta a gabansa ba. Sai da ya dawo gida na zaunar da shi. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya juya ya kalli ƙaramin da ke tsalle a kan katifa.

Kwanakin da suka biyo baya ƙaramin ya sha wahalata. In yana wasa sai in ce ya zauna a ƙasa, in ce ya tashi, in ce ya sake zama. Ya ɗauka wasa ne, da ya gaji ya fara kuka. In ya miƙe zumbur sai in ce ai ƙarami ne, ciwon bai fito ba tukuna. In ya dafa ƙasa da hannu ɗaya sai in ce shi ke nan, shi ma ya fara. In yana barci da rana nakan tsuguna in matsa sharaɓarsa, in matsa tawa, in rasa bambancin. Tsoro nake ji. Kuma a ƙarƙashin tsoron akwai haushi, haushin kuwa na san na wace ce.

Ana gobe za mu koma asibiti, bayan la'asar, na je Yelwa. Babban ya tafi Islamiyya. Dada na zaune a tsakar gida tana dama fura. Na gaishe ta, na zauna, na ƙi karɓar ludayin da ta miƙo min.

"Dada, yayana me ya kashe shi?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar. "Ke, kina da hankali kuwa?"

"Wa ya ce miki ki cike dokin ƙofa? Wa ya ce ki kafa itace a banɗaki? Tun kafin kowa ya ga komai kin shirya gida. Gobe za a duba ƙaramin. Ki faɗa min abin da zan je in tarar."

Na ɗauka za ta kore ni. A rayuwata ban taɓa ɗaga mata murya ba. Ta rufe furar da faifai, ta goge hannu a zane. Sai ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa, tsohuwa mai ciwon gwiwa. Ta juya ta kifa, ta dafa ƙasa da hannu biyu, ta turo baya sama. Ta kama gwiwa ɗaya, ta kama ɗayar, ta hau cinyoyinta da tafin hannu har ta miƙe, ta tura ciki gaba, ta ɗaga duga-duganta. Ba jikanta take kwaikwaya ba. Akwai wani karkatar da kai da ta yi a ƙarshe wanda nawa yaron ba ya yi.

"Haka yake tashi," in ji ta. "Daga baya ya daina. Ni nake goya shi duk inda aka yi ƙaura, ƙafafunsa na jan ƙasa. Ya fara gemu a bayana."

Ta koma ta zauna tana haki. Ta ce mutane sun ce iskar wurin da suka sauka ce, suka tashi, ba ta sake shi ba. Bayan ya rasu mahaifina ya sayar da sauran shanun suka shigo gari, ta ɗauka sun baro abin a daji. Da aka haifi nawa ta roƙi mahaifina kada a mayar da sunan, ya ce ita ba ta da ta cewa a kan ɗan fari. Ranar da ta fara ganin jikanta ya dafa gwiwa, ta ce a ranta sunan ne ya jawo.

"Don haka ki kwantar da hankalinki a kan ƙaramin. Shi ai ba sunan gare shi ba."

"Likita ta ce ba suna ba ne. Ta ce ta wajen uwa yake bi." Sai zargin nan nawa ya sake ɗago kai. "Dada, waɗanda aka ce ba su zo da kwana ba, duk a jarirai suka rasu?"

Ta gyara zaman faifan. "Ban da ɗaya."

"Namiji?"

Ta gyaɗa kai.

"Shi ma haka yake tashi?"

Ta sake gyaɗa kai.

"Shi kuma sunan wa aka sa masa?"

Na ga maganar tana shigarta a hankali, tana rushe abin da ta jingina da shi. Can ta ce, da muryar da ban san ta da ita ba, "Ashe a jikina na taho da shi gari." Haushin da na zo da shi ya zube. Ni ma ai a jikina na kai shi Gwallameji. Muka zauna har aka taso daga Islamiyya, ba mai kallon wata.

Washegari ba ta yi ciwon kai ba. Mu huɗu muka cika keke, ita da angonta, ni da ƙaramin, maigidana ya ce zai same mu daga ofis. Ta zauna a benci da babban, ni na shiga da ƙaramin. Shi ba dariya ya yi ba, ihu ya kurma da man ya taɓa shi, ya yi ta harbi da ƙafa, ni kuwa ina murna da kowane harbi. Na danne shi. Likitar ta ɗora na'urar. Na rufe ido, na buɗe.

Baƙi ne. Baƙi da ɗigo-ɗigon fari, ga layin ƙashi tas a ƙasa, irin na damtsena.

Ban yarda ba. Na ce ta duba ɗaya cinyar. Ta duba. Na ce sharaɓa fa? Ta duba. Na ce ko na'urar ce ta sauya tun wancan zuwan? Ta yi murmushi, ta ce na'urar nan dai ce. Ta ce hoton ya yi kyau, amma a ƙananan yara hoto kaɗai ba ya isa, jini ne zai rufe magana. Daga baya jinin ya fito, ya bi bayan hoton, na ƙaramin lafiya, na babban kuma ya tabbatar da abin da ta ji tsoro. Amma a ranar, a ɗakin nan, na riga na sani. Na kifa fuskata a cikin yaron mai ihu ina hamdala, ban taɓa sanin baƙi zai yi min daɗin gani haka ba.

Muka fito. Dada ta ɗago ido, na gyaɗa mata kai, ta sauke numfashi ta shafa fuska. Babban ya jawo gefen hijabina.

"Adda, shi ma fari ne?"

"A'a. Nasa baƙi ne."

"Na fi shi ke nan!" Ya tafa hannu, ya yi wa ƙanensa gwalo.

Murnar da na fito da ita ta gushe. Ƙaramin ya fizge hannunsa ya zura da gudu a barandar asibitin, babban ya zame daga benci ya bi shi, a kan yatsu, ciki a gaba, yana cewa ya tsaya. Bai yi nisa ba ƙafa ta ƙi, ya faɗi rub da ciki a kan siminti. Na ɗaga ƙafa zan je, sai na ji an kira sunansa.

Dada ce. Ta kira shi cikakke, da ƙarfi, a gaban masu ciki da ma'aikata da duk wanda ke wurin. Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, na tabbata ita ma ba ta taɓa jin kanta ta faɗe shi ba. Yaron ya ɗago kai yana dube-dube, yana neman malamin ajinsu, don a makaranta kaɗai ake kiransa haka. Bai kalli wajenta ba sam. Ya juya ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya fara hawa gwiwarsa.

Dada na tsaye, hannunta a miƙe, ba ta matsa ba. Ta sake kiran sunan, a hankali wannan karon, ni kuma duk son tambayata ban tambaye ta wanne take kira ba.